A AREWACIN TURAI: WACE ƘASA CE TA FI DAƊIN ZAMA?

A kan iyakar Norwe da Suwidin akwai wata gada da ake kira Svinesund. Duk ranar Asabar motoci sukan yi jerin gwano a kanta, sun fito daga Norwe sun nufi manyan kantunan da 'yan kasuwa suka gina a ɓangaren Suwidin, dab da iyaka. Da yamma sai su juyo gida maƙare da nama da cuku da alewa da lemon kwalba da taba. Masu motocin nan suna cikin mutanen da suka fi kowa albashi a Turai, amma abinci ya yi tsada a ƙasarsu har magidanci ya gwammace ya yi tafiyar awa ɗaya da rabi daga Oslo ya je ya yi cefane a maƙwabta.

Shekaru da dama kuma, musamman bayan shekarar 2000, samari da 'yan matan Suwidin sun riƙa bin wannan hanya suna zuwa Oslo aikin otal da kantuna da gidajen abinci, domin ladan aiki ya fi tsoka a can. Can kudu, tun da aka buɗe gadar Oresund a 2000, dubban mutane suke kwana a garin Malmo na Suwidin inda gida yake da sauƙi, su wayi gari su shiga jirgin ƙasa zuwa Kofenhagen ta Denmak inda albashi ya fi. Mutanen Finlan kuwa jirgin ruwa suke shiga zuwa Tallin ta Estoniya, tafiyar awa biyu, su sayo abin da haraji ya tsauwala wa kuɗi a gida.

Wannan zirga-zirga ta isa ta nuna wa mai karatu cewa ƙasashen arewacin Turai, waɗanda kullum ake jerawa a sahun gaba in ana batun jin daɗin jama'a, kowacce tana da abin da ta fi 'yar'uwarta, tana kuma da abin da mutanenta suke ƙetare iyaka su nema. To wacce ce ta fi daɗin zama, kuma da wane mudu za a auna?

'YAN'UWA BIYAR

Ƙasashen biyar ne. Akwai Suwidin mai mutane kimanin miliyan 10 da rabi, da Denmak mai kusan miliyan 6, da Finlan da Norwe masu wajen miliyan 5 da rabi kowaccensu, sai tsibirin Aislan wanda mutanensa ba su cika 400,000 ba. In an haɗa su duka ba su kai miliyan 30 ba. Mutumin Norwe da na Suwidin da na Denmak suna iya yin ciniki ba tafinta, harshen Finlan ne ya fita daban ƙwarai. Tun 1954 manyan huɗun suka yarda ɗan kowacce ya je ɗayar ya yi aiki ba sai ya nemi izini ba, Aislan kuma ta shigo daga baya. Saboda haka kwatanta zama a wannan ƙasa da waccan abu ne da mutanen yankin suke yi kullum da ƙafafunsu.

Wanda ya gan su yau da wuya ya yarda cewa yunwa ta taɓa korar mutanensu daga gida. Tsakanin 1866 da 1868 an yi yunwa a Finlan wadda ta kashe mutane fiye da 100,000, har aka riƙa niƙa ɓawon itace ana gaurayawa da gari a yi burodi. Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa 1930 mutanen Suwidin fiye da miliyan ɗaya suka yi ƙaura zuwa Amurka, daga Norwe kuma wajen 800,000 suka tafi. Amma daga nan kowacce ta bi tata hanya. Suwidin rabonta da yaƙi tun 1814, don haka da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu masana'antunta suna tsaye daram, ta shiga sayar wa Turai kayan sake gini. Denmak da Norwe sun sha mamayar Jamus. Finlan ce ta fi kowa jin jiki, domin ta gwabza da Tarayyar Sobiyet, ta rasa yankin Kareliya, ta tsugunar da mutane fiye da 400,000 da suka baro can, sa'an nan ta biya diyyar yaƙi da jiragen ruwa da injuna har zuwa 1952.

IN KUƊI NE MUDU

In kuɗi ne mudu, to magana ta ƙare, Norwe ce. A lissafin 2024, in an raba abin da ƙasa ta samar a shekara ga mutanenta, ɗan Norwe zai tashi da fiye da dala 80,000, ɗan Aislan yana biye da shi kurkusa, ɗan Denmak wajen dala 70,000, na Suwidin da na Finlan kuwa tsakanin dala 50,000 da 60,000.

Da can ba haka abin yake ba. Har zuwa shekarun 1960 Suwidin ce babbar yaya, mai kamfanonin Volvo da Ericsson, Norwe kuwa an fi saninta da masunta da matuƙan jiragen ruwa. Busasshen kifin nan mai tauri kamar icce da ake sayarwa a kasuwannin Legas da Aba da Onica, wanda ake kira panla ko okporoko, mai yawa daga cikinsa daga tsibiran Lofoten na arewacin Norwe yake fitowa, inda ake rataye shi a kan katako iska mai sanyi ta busar da shi. Sai a ƙarshen 1969, wato shekara 13 bayan an samu mai a Oloibiri, aka gano rijiyar Ekofisk a ƙarƙashin Tekun Arewa. A 1978 an ma shirya wani ciniki, cewa Norwe za ta karɓi kashi 40 cikin 100 na Volvo, Suwidin kuma ta samu rabo a haƙar mai, amma masu hannun jarin Volvo suka ƙi yarda a farkon 1979, maganar ta bi ruwa.

Abin lura shi ne yadda Norwe ta sarrafa wannan dukiya. Wani masanin duwatsu ɗan ƙasar Iraƙi, Faruk al-Kasim, wanda ya isa Norwe a 1968 domin nema wa ɗansa magani, yana cikin waɗanda suka tsara a raba aikin gida uku: ma'aikata ta riƙe manufa, wata hukuma dabam ta sa ido, kamfanin gwamnati kuma ya yi kasuwanci. Haka aka kafa Statoil a 1972, wanda aka sake wa suna Equinor a 2018. Kamfanonin mai suna biyan harajin kashi 78 cikin 100 na ribarsu. A 1990 majalisa ta kafa asusun ajiyar kuɗin mai, aka fara zuba kuɗi a ciki a 1996, aka kuma yi doka cewa a ƙasashen waje kaɗai za a juya su. Gwamnati ba ta taɓa uwar kuɗi, sai dai ta ɗebi kimanin kashi 3 cikin 100 a shekara, wato abin da ake sa ran ajiyar za ta haifa. A 2017 asusun ya haye dala biliyan 1,000, a 2025 ya kai wajen ninkin haka, wanda in da za a raba, kowane ɗan ƙasa, har jariri, zai samu fiye da dala 300,000.

Talakan Norwe yana ganin amfanin abin a jikinsa. In ya kwanta rashin lafiya ana biyansa cikakken albashi tun daga ranar farko har tsawon shekara guda, alhali ma'aikacin Suwidin ana yanke masa ladan ranar farko, sauran kwanakin kuma kashi 80 cikin 100 yake samu. Sai dai Norwe ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen da ma'aikata suka fi fashin aiki da sunan rashin lafiya, abin da yake damun masu mulkinta. Ga kuma tsada. Ƙasar ta sa haraji mai nauyi a kan nama da cuku na waje domin ta kare manomanta, har a ƙarshen 2011 aka wayi gari ba man shanu a kantunan ƙasar da take da wannan ɗimbin ajiya.

HARAJI

Babu ƙasa a cikin biyar ɗin nan da haraji yake da sauƙi. Duk abin da mutum ya saya a kanti a Denmak akwai harajin kashi 25 cikin 100 a kansa, har abinci. Suwidin da Norwe ma kashi 25 suke ɗorawa, amma sun rage wa kayan abinci. Finlan ta ɗaga nata zuwa 25.5 a 2024, Aislan kuwa 24. Mai babban albashi a Denmak, in kuɗinsa ya wuce wani mataki, fiye da rabin abin da ya ƙaru na gwamnati ne. Wanda ya sayi mota mai tsada a can yana iya biyan harajin rajista har kashi 150 cikin 100 a kan mafi yawan kuɗinta, wato harajin ya fi motar tsada. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Kofenhagen ta zama birnin kekuna, inda ake ganin malamin makaranta da ɗan majalisa suna jiran fitila a layi ɗaya, kowa a kan kekensa. Norwe kuma ta sauƙaƙa wa motoci masu aiki da lantarki haraji, har a 2024 kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya irinsu ne.

Wajen attajirai akwai bambanci babba. Suwidin ta soke harajin gado, ta kuma soke harajin dukiya a 2007, don haka duk da sunan da ta yi na daidaita tsakanin mutane, tana cikin ƙasashen Turai da dukiya ta fi taruwa a hannun 'yan kaɗan. Norwe ta riƙe harajin dukiyarta, da ta ƙara shi a 2022 sai wasu manyan masu kuɗinta suka tattara suka koma Suwizalan.

ABIN DA HARAJI YAKE SAYA

Mai jego ce ta fara ganin amfanin wannan haraji. A Suwidin iyaye suna da hutun kwana 480 da biya a kan kowane ɗa, kwana 90 daga ciki na uba ne, in bai ɗauka ba sun tafi ke nan. Ita ce ƙasar da ta fara ba uba damar raba hutun haihuwa da uwa, tun 1974. A Norwe mako 49 ne da cikakken albashi. A Aislan wata 12 ne a raba tsakanin uwa da uba. Finlan tana da wata al'ada tata: tun 1938 gwamnati take ba mai ciki akwatin kwali cike da kayan jariri, da riguna da bargo da 'yar katifa, har akwatin kansa yana zama gadon farko na yaron. Da fari matan talakawa ake ba, daga 1949 aka ba kowa, bisa sharaɗin mace ta je awo da wuri. A shekarun 1930 cikin jarirai 1,000 wajen 65 suke mutuwa kafin su cika shekara, yanzu wajen biyu ne.

Karatu kyauta ne ga ɗan ƙasa daga firamare har jami'a. Denmak ta ƙara da biyan ɗalibin jami'a kuɗin kashewa kowane wata. A Finlan da Suwidin ana ba yara abincin rana mai zafi kyauta a makaranta, yaran Norwe da Denmak kuwa yawanci da ƙunshin burodinsu suke zuwa daga gida. Yaron Finlan ba ya shiga firamare sai ya shekara bakwai, malaminsa kuma sai mai digiri na biyu. Da aka fara jarrabawar PISA a 2000, wadda ake gwada 'yan shekara 15 na ƙasashe da dama, yaran Finlan suka zo na farko a karatu, malamai daga ko'ina suka yi ta zuwa ganin sirrin. Amma tun daga tsakiyar shekarun 2000 sakamakonsu yake ja da baya, maƙwabciyarsu Estoniya ma ta shige gabansu.

Ganin likitan unguwa kyauta ne a Denmak. A Norwe da Suwidin ana biyan ɗan abu kaɗan, in abin da mutum ya biya a shekara ya kai wani adadi sai sauran ya zama kyauta. Kukan da ake yi a dukkansu shi ne dogon jira kafin a samu ganin ƙwararren likita ko a yi wa mutum aikin da ba na gaggawa ba. Mutanen Suwidin da Norwe da Aislan suna kai wa wajen shekara 83 a matsakaici, na Denmak da Finlan suna baya da kamar shekara guda.

AIKI DA MUHALLI

Babu ɗaya daga cikinsu da gwamnati ta yanka mafi ƙarancin albashi na ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyoyin ƙwadago da na masu masana'antu ne suke zama su daidaita, al'adar da ta faro a Denmak tun 1899, a Suwidin kuma aka ƙulla ta da yarjejeniyar Saltsjobaden ta 1938. A Denmak korar ma'aikaci ba wuya, amma wanda aka kora, in yana zuba kuɗi a asusun marasa aiki, za a riƙa biyansa har shekara biyu, a kuma tura shi koyon wata sana'a. A 2025 Finlan da Suwidin suna cikin ƙasashen Tarayyar Turai da suka fi yawan marasa aiki, wajen kashi 9 cikin 100, na Norwe kuwa kamar rabin haka ne.

Ƙananan ƙasashe ne, don haka in babban kamfani ɗaya ya yi tuntuɓe kowa yakan ji a jikinsa. Finlan ta ga haka da Nokia, wanda wayoyinsa suka cika aljihunan duniya, kafin ya sayar wa Microsoft sashen wayar a 2014 dubban injiniyoyi suka rasa aiki. Denmak ma tana da kamfanin magunguna na Novo Nordisk, wanda a 2023 darajarsa a kasuwa ta fi abin da ƙasar duka take samarwa a shekara, amma a 2025 ya ba da sanarwar sallamar ma'aikata 9,000. Aislan ce ta fi kowa ganin tashin hankali, da manyan bankunanta uku suka durƙushe cikin mako guda a watan Oktoba 2008. Ta nemi rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta kuma gurfanar da wasu shugabannin bankunan aka ɗaure su.

Gida kuwa ciwon kai ne a duk manyan biranen. A Sitokholm mai neman gidan haya mai rangwame yakan yi rajista ya jira wajen shekara tara, a tsakiyar birni har kusan ashirin. Magidantan Denmak da Norwe suna cikin waɗanda suka fi kowa a duniya bashin sayen gida a wuya. Finlan ta yi abin a yaba: daga 2008 ta fara ba marasa muhalli gida tukuna, ba tare da sharaɗin sai sun daina shaye-shaye ba, sa'an nan a bi su da magani da neman aiki, yawansu kuwa ya ragu ƙwarai. Mutumin Aislan yana da gatan da sauran ba su da shi, domin ruwan zafi da yake fitowa daga ƙarƙashin ƙasa shi yake ɗumama gida tara cikin goma. Amma wutar da take dafa ruwan ita ce ta tashi mutanen garin Grindavik daga gidajensu a watan Nuwamba 2023, da ƙasa ta tsage dutse ya fara shirin aman wuta.

DUHU DA KAƊAICI

Akwai abin da kuɗi ba ya magani. A garin Tromso na arewacin Norwe rana ba ta leƙowa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli kuma ba ta faɗuwa. Musulmin garin, in azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, sukan bi agogon Makka. A Helsinki hasken rana a watan Disamba bai cika awa shida ba. Denmak, da yake ta fi kudu, sanyinta da duhunta da sauƙi.

Ga kuma zaman kaɗaici. Kimanin gida huɗu cikin goma a manyan ƙasashen huɗu mutum ɗaya ne tak a ciki. Tsoho yana da fensho da mai jinya daga hukuma, amma yana iya yin mako bai ga ɗansa ba. Giya ma ta daɗe tana ɓarna, shi ya sa a Suwidin da Norwe da Finlan da Aislan kantunan gwamnati ne kaɗai suke sayar da mai ƙarfinta, Denmak ce kawai ta sakar wa 'yan kasuwa. A 1990 mutane wajen 1,500 suka kashe kansu a Finlan, amma an tashi haiƙan da wani shiri na ƙasa, har adadin ya ragu da kusan rabi.

ABIN MAMAKIN FINLAN

Da wannan duka, mai karatu zai ɗauka Finlan ce koma baya: ta fi su ƙarancin kuɗi, ga rashin aiki, ga duhu, ga iyaka mai tsawon kilomita 1,340 da Rasha, wadda ta sa ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 2023. Amma ba haka mutanenta suke cewa ba. Tun 2012 ake fitar da wani rahoto kan gamsuwar mutanen duniya da rayuwarsu. Ana ce wa mutum ya ɗauka akwai tsani mai matakai daga 0 zuwa 10, ya faɗi matakin da yake ganin rayuwarsa take. Denmak ta zo ta farko a 2012 da 2013 da 2016, Norwe a 2017, daga 2018 zuwa 2025 kuwa Finlan ce, sau takwas a jere. A 2025 Denmak ce ta biyu, Aislan ta uku, Suwidin ta huɗu, Norwe mai mai ta bakwai.

Masu wannan bincike suna yawan komawa kan magana ɗaya, wato amana, tsakanin mutum da maƙwabcinsa da kuma tsakanin jama'a da hukuma. A 2013 mujallar Reader's Digest ta yar da jakunkunan kuɗi 12 a titunan Helsinki, aka mayar da 11. A Finlan tarar gudun wuce ƙima da mota gwargwadon samun mutum ake yanka ta, har a 2002 aka ci wani babban darektan Nokia tarar yuro 116,000 saboda gudu da babur, ko da yake kotu ta rage daga baya. Duk farkon Nuwamba hukumar haraji takan buɗe littafinta kowa ya ga abin da kowa ya samu da abin da ya biya. Norwe ma haka take yi, sai dai tun 2014 wanda aka leƙa nasa yana ganin sunan wanda ya leƙa. Suwidin tana da dokar da ta ba kowa ikon duba takardun gwamnati tun 1766. Da irin wannan sa ido ne 'yan jarida suka gano a 1995 cewa mataimakiyar firayim minista, Mona Sahlin, ta yi sayayyar kanta da katin kuɗin ofis, har da cakulan. Ta mayar da kuɗin, ba a kuma kai ta kotu ba, amma ta sauka daga muƙaminta ta haƙura da kujerar firayim minista da ake sa ran ita za ta hau. A jerin ƙungiyar Transparency International na 2024 Denmak ce ta fi kowace ƙasa ƙarancin cin hanci, Finlan na biye.

RABON BAƘO

Duk wannan bayani na ɗan ƙasa ne. Ga baƙo kuwa, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ɗalibin da ya fito daga wajen Turai yanzu sai ya biya kuɗin jami'a: Denmak ta fara karɓa a 2006, Suwidin a 2011, Finlan a 2017, Norwe a 2023. Suwidin ce ta fi buɗe ƙofa, har a 2015 kaɗai mutane kimanin 163,000 suka nemi mafaka a can, kuma yanzu mutum ɗaya cikin biyar a waje aka haife shi. Amma da yawa sun taru a unguwannin bayan gari ba aikin yi, 'yan daba masu safarar ƙwaya suka samu yaran ɗauka, har a 2022 aka harbe mutane fiye da 60, adadin da ya ninka na maƙwabtanta nesa ba kusa ba. Tun daga nan ita ma ta tsuke dokokinta. Denmak tun farko ta ɗaure fuska. A 2016 ta yi dokar da ta ba 'yan sanda ikon karɓe dukiyar mai neman mafaka in ta wuce kurona 10,000, a 2018 kuma ta hana rufe fuska a bainar jama'a. Bayan ƙone-ƙonen Alƙur'ani mai girma da wasu suka yi a Sitokholm da Kofenhagen a 2023, Denmak ta yi dokar hukunta mai wulaƙanta littattafan addini a watan Disamba na shekarar, Suwidin ba ta yi ba.

TO WACCE CE?

Amsar ta danganta ga mai tambaya. Mai sana'a a hannu da yake son tara kuɗi, Norwe ce ta fi masa. Mai jego za ta fi samun hutu a Suwidin. Wanda yake tsoron a kore shi daga aiki ya faɗi ƙasa warwas, Denmak ta fi shimfiɗa masa tabarma. Mai neman kwanciyar hankali zai zaɓi Aislan, wadda ba ta da soja, kuma ita ce ta zo ta farko a rahoton ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2025. Kowane allazi kuwa da nasa amanu.

Yanzu dukkansu suna fuskantar jarrabawa iri ɗaya. Tsofaffi suna ƙaruwa, haihuwa tana raguwa, a Finlan ma ta faɗi ƙasa da 1.3 ga kowace mace a 2024, ga kuɗin tsaro da ya tashi tun da Rasha ta auka wa Yukren a 2022. Gwamnatin Petteri Orpo da ta hau mulki a Finlan a 2023 ta rage tallafin haya da na marasa aiki domin bashi ya yi wa ƙasar yawa, ƙungiyoyin ƙwadago kuma suka amsa da yajin aiki. Norwe tana da ajiyar da za ta jingina da ita, sauran huɗun sai abin da haraji ya kawo.

Sai dai yana da kyau a tuna lokacin da aka aza harsashin waɗannan abubuwa. Manoman Denmak sun kafa gamayyar masu madara ta farko a ƙauyen Hjedding a 1882, ƙasar tana fama da ciwon rasa yankunanta a yaƙi. Norwe ta kafa tsarin fensho da tallafi na kowa da kowa a 1967, shekara biyu kafin a gano rijiyar Ekofisk. Finlan kuwa ta kai abincin rana kyauta ga dukkan makarantun firamarenta a 1948, lokacin da jiragen ƙasa suke fita da injunanta zuwa Tarayyar Sobiyet a biya diyyar yaƙi. A wancan zamani yara su ne suke tsinko 'ya'yan itace a daji su noma dankali a gonar makaranta, kowa kuma ya zo da cokalinsa daga gida.